Ruwan Da Ya Yi Garau a Tungar Maje

Ku gyara zama, jama'a. Ni zan ba da labarin, amma hukuncin naku ne.

Tungar Maje ƙauyen masunta ne a bakin wani babban tafki. Wani rafi ne ke ratso kurmi ya zuba a tafkin, ɗauke da ruɓaɓɓen ganye. Mata suka yi ta ƙorafi cewa ruwan yana ɓata musu farin wanki, sai maza suka datse rafin, suka juya shi fadama. Tafki ya yi garau, kowa na murna. Ba a cika damina biyu ba kifi ya yi wuya, har mutane suka fara ɗaure kaya za su tashi. Sarkin Ruwa, tsoho mai 'ya'ya uku, ya roƙi a ba shi shekara ɗaya.

'Yarsa Tabawa ita ta gano ciwon. Kullum takan tace ruwan sha da farin ƙyalle, sai ta lura ya daina yin kore. Ta kai wa tsohon ta ce, "Baba, da can in na tace, nakan ga wasu 'yan halittu suna motsi a nan, ba su kai ƙwayar gero ba. Su 'ya'yan kifi ke ci. Ƙaramin abu kuwa ba ya jure yunwa, yini ɗaya ya ishe shi mutuwa. Tafkinmu ba tsabta ya yi ba, abinci ne ya ƙare."

Nomau, babban wansu, mai cire zuma ne, ya san kurmin ciki da waje. Ya san manyan maɗatai da kanya ba su fi a ƙirga da yatsu ba, amma ganyen da suke zubarwa a natse, tare da na dubban ƙananan itatuwa, shi ke kiwon ruwan. Ya ɗauki magirbi shi kaɗai, ana yi masa dariya, wai zai mayar musu da dauɗa. Kwana arba'in yana haƙa, hannunsa ya tsage, har rafi ya koma hanyarsa.

Shekarau, autansu, masunci ne. Ya san giwan ruwa ɗaya sai da ƙanana dubu yake rayuwa, amma yana iya daɗewa bai ci ba. Ya tattara manyan kifayen da suka rage ya kai su gurbi mai zurfi. Sannan ya bi gida-gida yana roƙo kowa ya rataye tarunsa. Wani ya ce masa, "Kai Shekarau, haƙuri za mu dafa?" Ya ce, "Kawu, in muka cinye iyayen, wa zai haifo na baɗi?" Ya fara rataye nasa, iyalinsa suka sha kunu zalla har bazara.

Da damina ta zagayo, ruwa ya yi kore, kifi ya dawo, aka kwance kaya. Mutane suka cika ƙofar tsohon suna godiya ga Allah, suna sa wa 'ya'yansa albarka. Shi kuwa ƙarfinsa ya ƙare, ya fito da mashin kakanninsa, wanda za a ba mai riƙon tafki bayansa. Ya dube su ukun ya ce, "Allah ya yi muku albarka. Sai dai mashin ɗaya ne."

To, tsakanin wadda ta gano, da wanda ya haƙa, da wanda ya tsare, wa za ku miƙa wa mashin?