Jangwada da Awon Hannun Baba Nomau

Masu riƙe da labarai sun ce a wani gari na bakin babbar hanya an yi wani mai shagon rubuta allunan talla, ana ce da shi Sallau. Shagon gado ne daga mahaifinsa, kuma cikin gadon har da kwamfuta mai manhajar ƙiyasi. Ka gaya mata tsawon allo da faɗinsa da irin rubutun da ake so, ita kuma ta gaya maka kuɗin aikin da ranar da za a gama. Sallau ya yarda da manhajar nan fiye da yadda ya yarda da idonsa, ga shi kuwa bai taɓa bincika yadda take lissafinta ba.

A shagon akwai wani dattijo, Baba Nomau, mai rubutu da buroshi, wanda ya fara aiki da mahaifin Sallau tun shagon yana rumfar kara. Kullum manhaja sai ta nuna aikinsa ya wuce lokacin da ta yanka. Wata safiya Sallau ya cije ya ce masa, "Baba, na'ura ta ce aikin yini ɗaya kake yi a yini biyu. Ka je gida ka huta." Dattijon ya wanke buroshinsa, ya jera su a kan benci, ya saɓa rigarsa ya fita.

Da azahar aka kawo wa Sallau abinci, ya kasa ci. Ya koma bayan shago inda ake jibge tsofaffin alluna, ya zauna ya yi tagumi. Sai ya ji an ce, "Maigida, wanda ya yi daidai ba ya barin tuwonsa ya huce."

Ya ɗaga kai, sai ga wani tsohon jangwada, ƙadangaren nan mai jan kai, mai guntuwar wutsiya a kan kwano yana gyaɗa kai. Sallau ya ce, "Kai kuma me ka sani? Lissafi ne ya kore shi, ba ni ba."

Jangwada ya ce, "Na daɗe a bangon da ke saman kwamfutarka ina kamun ƙuda, abin da na gani kuwa ya fi ƙudan da na ci yawa. Manhajar nan ba ta san komai ba. Fayil-fayil ne a bayanta, daga cikinsu take ɗiba. Akwai na farashin kaya, kwano da ƙarfe da fenti da leda, shi kam kana sabunta shi duk sanda kasuwa ta motsa, don aljihunka yana tuna maka. Akwai na ɓarnar da ake yi wajen yanka. Akwai kuma na lokacin aiki, inda aka rubuta tsawon lokacin da kowane aiki ke ci. Wannan na ƙarshe ba ka taɓa buɗe shi ba. Ina jiye maka tsoron abin da ya sami Tabawa mai shagon bakin tasha."

Sallau ya ce, "Me ya same ta?"

Jangwada ya gyara tsayuwa ya ce:

"A garin da aka ƙyanƙyashe ni an yi wata mace mai himma, Tabawa, ta buɗe shagon alluna. Da ta sayi manhaja sai ta ga cika fayilolin nan wahala ne, ta roƙi wani babban shago na birni suka kwafo mata nasu. Su can injin yanka gare su, da wuta ba yankewa. Ita kuwa ma'aikatanta da zarto da almakashi suke fama. Manhaja ta riƙa yanka lokaci irin na inji, Tabawa ta riƙa ɗaukar alkawari a kai, in an makara ta hau ma'aikata da faɗa.

"Ana haka gwaggonta Hansai ta zo daga ƙauye ganin likita, ta sauka a wurinta. Ta wuni a shagon tana jin faɗan. Da yamma ta ce, ''Yar nan, kina tuna mini da mai garin da ya auna igiya da damina.' Tabawa ta ce, 'Gwaggo, wane mai gari kuma?'

"Hansai ta ce: 'A wani ƙauye an yi mai gari mai son tsari. Ya ga masu tufka suna cutar mutane da igiyar guga, kowa da tsawonsa, sai ya ce a yi awo ɗaya. Aka je rijiya aka auna daga baki zuwa ruwa, aka yanke igiyar awo aka rataye a zaurensa, ya hana a tufka wadda ta fi ta. Amma da tsakiyar damina aka yi awon, ruwa yana kusa. Akwai wani mai jan ruwa, Jatau, shi ke shayar da dabbobin mai gari. Da bazara ta yi, ruwa ya ja baya, guga ya riƙa dawowa da rabi. Mai gari ya ce lalaci ne, ai igiyar nan ce da ita ake cika kwami bara. Jatau ya ji kunya. Ya fara sunkuyawa don guga ya kai. Kullum ruwa na ƙara nisa, shi kuma yana ƙara miƙa jikinsa cikin rijiya, har ranar da ƙafarsa ta bar ƙasa. Da aka fito da gawarsa, igiyar tana damƙe a hannunsa, tsawonta daidai da na zaure, ba ta ragu da ko taƙi ba. 'Yar nan, in awo ya gaza, jikin wani ne ke cika ragowar. Ki tambayi inda aka auna naki.'

"Tabawa ta yi dariya ta ce, 'Gwaggo ke nan! Wannan na'ura ce, ba igiyar kaba ba.' Ba a jima ba ta karɓi aikin wani ƙaton allo na bakin hanya, a kan lokacin da manhaja ta yanka. Ma'aikata suka ga ba za su kai ba, kuma sun gaji da zagi, sai suka rage walda, suka kafa ƙafafun ƙarfe ba su jira siminti ya kama ba. Allo ya tsaya kyakkyawa, har ni na mai da shi wurin shan hantsi. Iskar farkon damina ta tuge shi, ya faɗa kan rumfar wata mai sayar da abinci, ya karya mata ƙugu. Ba ta sake tsayawa da ƙafarta ba. Aka rufe shagon Tabawa, ta bar garin ba ta yi sallama da kowa ba. Ni ma a can na baro wutsiyata. Har ranar da aka rufe shagon, manhajar ba ta yi kuskuren lissafi ko sau ɗaya ba. Abin da aka ba ta shi ta ninka."

Sallau ya ce, "Namu ba kwafowa aka yi ba. A nan shagon mahaifina ya cika shi."

Jangwada ya ce, "Haka ne, ina bango ranar. Da aka kawo manhajar, wanda ya saka ta ya ce sai an auna kowane aiki. Mahaifinka ya cire agogonsa ya riƙe, ya ce wa gwanin shagon ya yi shafe, ya ja layi, ya rubuta baƙaƙe manya da ƙanana. Gwanin nan yana kan ƙarfinsa a lokacin, ba tabarau, hannu ba rawa, ga shi ana kallonsa, sai ya yi saurin da bai taɓa yi ba don ya faranta wa amininsa rai. Abin da agogo ya nuna shi aka zuba a fayil. Gwanin nan shi ne Nomau. Da damina aka auna shi, maigida. Yau ka kore shi don ya kasa kamo kansa."

Sallau ya miƙe ya nufi gidan Baba Nomau. Ya same shi a ƙofar gida a kan tabarma, hannuwansa a kan gwiwa suna ɗan karkarwa. Ya durƙusa ya gaya masa duk abin da ya gane, hawaye na zubo masa. Ya ce, "Baba, ka yafe mini. Ka dawo. Yau zan goge lambobin nan."

Dattijon ya ce, "Ashe awon nan yana nan? Na tuna ranar. Babanka har shayi ya saya mini." Ya yi ɗan murmushi, sa'an nan ya ce, "Na yafe maka, ɗana. Amma dawowa, ka bar ni. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, na san na yi sanyi tun ba yau ba. Daga bakinka ne ban so in ji ba. Ka buɗe sabon fayil, ka auna ma'aikatanka a ranar da ba su san ana kallonsu ba, ka riƙa sake awo in shekara ta juyo. Wancan kuwa kada ka goge shi. Nan kaɗai ne ya rage inda hannuna bai tsufa ba."

Sallau ya dawo shago da la'asar. Ya buɗe fayil ɗin lokacin aiki, karo na farko a rayuwarsa, ya cire shi daga hannun manhaja ya adana shi gefe, ya sa masa sunan Baba Nomau. Ya buɗe sabo, babu komai a ciki. Sa'an nan ya fita bayan shago ya ce wa jangwada, "Na ji, na kuma karɓa. Ba zan sake hukunta mutum da lamba ba sai na san wa aka auna, kuma yaushe."

Jangwada ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla. Da jiya ka tambaya, da ya fi."

Buroshin nan suna nan jere a kan benci yadda mai su ya bar su, Sallau ya hana kowa ya taɓa, har gashinsu ya bushe.