Littafin da Ganiyu ya sauke sau uku

Akwai wani tela a unguwar Nima ta ƙasar Gana mai suna Ganiyu, a shekarar 1983. Ɗinkinsa ba laifi, amma ba da shi ya yi suna ba. Wani kabad ne mai gilashi a shagonsa, cike da littattafan Larabci da alhazai ke kawo masa tsaraba. Bayan la'asar mutane kan cika bencinsa, kowa da damuwarsa, shi kuma ya yi ta rabon magani: mai fushi ga littafinsa, mai baƙin ciki ga nasa. Da a ce masa "gwanin ɗinki" gara a ce masa "Malam", kuma Allah ya sani yana son sunan nan kamar ransa.

A shekarar ne aka koro wani mai suna Abukari daga Legas tare da dubban 'yan Gana. Ya dawo unguwar Maamobi, kusa da Nima, da riga ɗaya, ko sallah da kyar yake tashi ya yi. Wata rana ya zo shagon ya ce, "Malam, zuciyana ya mutu. Ba ni abin da zan karanta."

Ganiyu ya zaro wani koren littafi, bugun Masar, a kan yadda mutum zai san kansa ya gyara zuciyarsa. Ya ɗaga murya don na benci su ji, "Wannan sau uku na sauke shi. Shi ya mai da ni yadda ka gan ni."

Bayan wata biyu Abukari ya dawo, ya yi fes, har ya samu aikin fenti a unguwar Kanda. Ya jira sai da kowa ya watse, sannan ya miƙa littafin hannu biyu.

"Malam, ka yafe mini, na taɓa maka kaya. Daga shafi na tara har ƙarshe takardun a haɗe suke, ba a yanka bakinsu ba tun daga wurin bugu. Reza na sa na bi su ɗaya-ɗaya."

Ƙafar Ganiyu ta tsaya cak a kan keken ɗinki. Kunya ta rufe shi. Littafin da ya sauke sau uku, ashe ko buɗuwa ba ya yi.

Abukari ya sunkuyar da kai ya ce, "Na san wani kwafin ka karanta."

Ga hanya an buɗe masa, ba kuma mai ji. "E" kawai zai ce, sunansa ya tsira. Ya dubi fuskar Abukari da ta cika da natsuwa, ya dubi kabad ɗinsa.

"Babu wani kwafi. Ban karanta ba. Ko shi, ko waɗancan. Bangonsu da 'yan shafukan farko kawai na sani."

Washegari bayan la'asar, benci ya cika. Ganiyu ya faɗa musu gaskiya da bakinsa. Wasu suka yi dariya, mutum biyu suka tashi ba su ƙara dawowa ba. Ya sauka daga kujerarsa, ya miƙa wa Abukari koren littafin.

"Fara mana daga shafi na tara. Nan na tsaya."

Darasi: Littafi ba ya gyara wanda ya ajiye shi, sai wanda ya buɗe shi. Kafin ka ce wa wani "karanta wannan", ka tabbata kai ka karanta, in kuwa ba ka yi ba, faɗin gaskiya ba zai rage ka da komai ba. Tura wa wanda ka san littattafansa na jiran a buɗe su.