Miyar Faransa a Ranar Gayya

An yi wani dagaci mai suna Gwadabe, wanda ya je Yamai sau ɗaya tak, ya dawo ya ishi gari da labarin miyar kabewa irin ta Faransa da ya sha a otal. Da ciyawa ta kusa cinye geronsa sai ya kira gayya, ya ce wa matarsa Kande da wannan miya za a ciyar da manoma, su ma su san an waye. Aka sayo kabewa da madara.

Tsohuwar kyanwar gidan na kwance a bakin murhu. Ta yi miƙa ta ce, “Ranka ya daɗe, kafin a taɓa kabewar nan, ka ji labarin Barmo.”

Ya ce, “Ina jin ki.”

Kyanwa ta ce, “Barmo ya yi aikin kuku a gidan wani Bafaranshe, ya dawo ƙauye yana hura hanci. Ranar gayyarsa da kansa ya shiga madafi. Ya fere kabewa, ya soya albasa da man shanu, ya zuba romo ta dahu luguf, ya burge ta da maburgi har ta yi sumul, ya kwarara madara. Ba daddawa, ba barkono, ba gyaɗa. Da rana ta take, majiya ƙarfi suka ajiye fartanya suka wanke hannu. Aka miƙa wa kowa ƙoƙo da cokali da ɗan yankin burodi. Suka kurɓe, suka gyara zama suna jiran tuwo. Barmo ya ce ai ke nan, haka ake yi a Faransa.

“Wani dattijo, Nomau, ya lashe cokalinsa ya ce, ‘Yaro, ka tuna mini da Ɗantani mai san huɗa.’ Barmo ya ce, ‘Me ya yi, Baba?’

“Nomau ya ce, ‘Ɗantani ya ga wani likita a birni da tabarau, abin ya burge shi. Ya dawo ya sayar da harawarsa kaf, ya sayo wa san da yake huɗa da shi tabarau, ya ɗaura masa da igiya ya kai shi gona. Sa ya yi ’yan taku ya durƙushe. Ɗantani ya ce wa ’yan kallo ko banza yanzu yana gani da kyau. Suka ce ƙwarai, yana ganin babu harawa. To, mu ma mun gani, yaro. Miyarka da daɗi, amma ba ta ɗaga fartanya.’

“Suka saɓa fartanyunsu suka watse. Shekarar nan Barmo ciyawa ya girbe. Shi kam a gidan Bafaranshe ya koya, ranka ya daɗe. Kai a otal ka ɗanɗana.”

Maganar ta yi wa Gwadabe zafi. Ya dubi wajen gonarsa, sannan ya ce, “Kande, a surfa dawa, a daka gyaɗa. Kabewar nan taushe za a yi da ita. Ki rage mini yanki, ta Faransa zan sha ni kaɗai in an gama noma.”

Kyanwa ta lashe baki ta ce, “Madarar da aka sayo fa, ranka ya daɗe? Kada ta lalace.”

Gwadabe ya harare ta ya ce, “Dama na san ba don Allah kika yi wa’azin nan ba. Kande, juye mata.”