Tsagar Kunci Ɗaya

An yi wani sarki mai suna Tukur, adali ne, sai dai yana da zafi kan zancen nasaba, domin wani maroƙi ya taɓa ƙaga masa kakanni ya kunyata shi gaban baƙi. Tun ranar ya kafa doka: duk wanda ya faɗi asalin wani ba da hujja ba, ya bar fada. Malamai suka kama bakinsu, kowa na cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

To, mahaifiyarsa, Iya Tabawa, tsintuwa ce. Fatake suka same ta tana ƙarama a bakin mashigi, shekarar yunwa, suka raɗa mata wannan suna. Da ciwon tsufa ya kwantar da ita, ta ce ba ta roƙon komai sai ta san mutanenta kafin ta cika. Sarki ya tara majalisa ya tambaya, fada ta yi tsit.

Waziri Zubairu ya ji tausayi ya kama shi, domin a hannun tsohuwar ya ci tuwo yana yaro, kuma ya daɗe da wani zato da tsoron doka ya hana shi furtawa. Ya dubi manyan rawuna, ya ga kowa ya duƙufa kan carbi kamar yau aka saya masa.

Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, yaƙini ba ni da shi. Zato gare ni, da sunan zato kuma zan faɗe shi. In ya zama laifi, ga rawanina. Iya ba ta cin giwan ruwa, ba ta kuma san dalili ba. Tsagarta a kunci ɗaya take. Ina tsammanin 'yar masunta ce, hari ya faɗa musu wanzami yana tsakiyar aiki."

Sarkin Aska, shugaban wanzamai, bai san sa'ad da ya ɗago ba. "Ranka ya daɗe, Waziri ya kuskure. Hannun da ya yi tsagar nan ba a firgice yake ba. Na ji ana cewa akwai masu tsaga kuncin dama, su bar na hagu sai bayan damina, amma ban san garinsu ba."

Waziri ya yi murmushi, bai taɓa jin daɗin kuskure irin na ranar ba.

Sai Madugu Ɗanbaba, wanda ya tsufa a fatauci, ya ce, "Ni kuwa na taɓa sauka a wani ƙauyen masunta can gabas, inda ba sa cin giwan ruwa. Wani tsoho yana tambayar kowane ayari labarin ƙanwarsa da ta ɓace. Na yi shiru ne don ban tabbata ba."

Sarki, hawaye na bin gemunsa, ya umarci Waziri ya tafi da kansa ya bincika.

Waziri ya komo da tsohon, sunansa Audi, idonsa ya tafi, kumatunsa biyu ɗauke da irin tsagar Iya. Aka zaunar da shi bakin gadonta. Ya shafa kuncinta na dama, ya shafa na hagu ya ji shi sumul, sai ya fashe da kuka. "Ke ce, Ladi. Inna ta rasu tana cewa ba a ƙarasa miki ba."

Iya ta riƙe hannunsa ta ce, "Yaya, ina ka tsaya haka?" Ta rayu har kaka, kullum yana ba ta labarin gidansu.

Sarki ya yafa wa Waziri alkyabbarsa, ya yi wa sauran biyun kyautar riguna, ya soke dokar. Ya ce, "Na toshe bakin maƙaryaci, ashe har na masu gaskiya na haɗa, saura kaɗan uwata ta mutu bare."

Shi ya sa masu hikima suka ce: adalin sarki yakan saurari zato, ya bincika, amma ba ya hukunci sai da yaƙini. Allah shi ne masani.