Ranar da Aka Tafi da Injin Yaya

An yi wani mutum mai aiki da injin casar shinkafa. Injin ba nasa ba ne, na yayansa ne, wanda ya sayar da shanun nomansa biyu kafin ya mallake shi. Amma ƙanin ne mai tayar da shi, shi ke canza masa baƙin mai. Ko daga nesa ya ji kukan injin, ya san bel ya saki.

Yayan ya kafa doka. Ba a ɗora injin nan sai a motar Dogo, direban da ke lodi a tasha, wanda an san gidansa, an san lambar motarsa. In an ɗora kuma, ƙanin zai hau baya ya zauna da shi, hannu a kan igiya, ko rana za ta gasa shi. Shekara huɗu ana haka, ko noti ɗaya bai taɓa ɓata ba.

Wata safiya surukin ƙanin ya zo har ƙofar gida. Dattijo ne, ya yanke shinkafarsa tana zube a fadama, ga hadari yana haɗuwa kullum. Ya ce, "Ɗana, yini ɗaya kawai nake roƙo." Wa zai kalli uban matarsa ya ce a'a? To amma yayan da dattijon ba sa ga maciji tun wata rigima a kan hanyar ruwa.

Ya 'yan uwa, a nan ƙafar ƙanin ta zame. Bai yi niyyar sata ba, taimako ya nufa. Sai dai ya ji tsoron tambaya, ya zaɓi ƙarya. Ya ce wa yayansa injin yana tari, zai kai shi wurin bakanike. Bai kira Dogo ba, don bakin Dogo ba ya riƙe magana. Ya fita bakin titi ya tare wata akori-kura da bai taɓa gani ba. Bai tambayi direban tasharsa ba, bai dubi lamba ba. Mai ɓoye abu yaushe zai tsaya neman shaida?

Aiki ya yi kyau. Kafin la'asar an cashe shinkafa, dattijo yana ta sa albarka. Direban nan kuwa yana zaune a inuwa yini guda, yana saurare. Ya gane cewa mai injin bai san inda injinsa yake ba.

Da aka ɗaure kaya, direban ya ce, "Haba maigida, mutum kamarka a baya kamar buhu? Shigo gaba ka sha iska." Ƙanin ya gaji, ƙaiƙayi ya cika masa jiki. Ya shiga.

A kan wani hawa, inda ba gida ba gona, mota ta yi shiru. Direba ya ce, "Birkina ba shi da kirki. Yi sauri ka sa mana dutse a bayan taya."

Ya sauka da gudu, don yana tsoron kada injin yayansa ya gangara. Ya sunkuya ya ciccibi dutse. Kafin ya miƙe, mota ta tashi. Ya tsaya tsakiyar hanya da dutse a hannu, yana kallon ƙura.

Da ya isa gida aka tambaye shi lambar mota, ba shi da ita. Sunan direba, bai sani ba. Yayan bai zage shi ba, bai ɗaga murya ba. Sai kawai ya ce, "Da ka faɗa mini, ai da ni da kaina zan kai wa tsohon nan."

A shekarar nan da sanduna aka cashe shinkafar gidansu, rabi ta jiƙe. Ƙanin ya bar garin, ba wanda ya kore shi. Idon yayansa ne ya kasa kalla.

Ya 'yan uwa, kada ku zage shi, ku tausaya masa. Wanene a cikinmu bai taɓa jin nauyin suruki ba? Amma alheri da kayan wani, ba da saninsa ba, cin amana ne, komai kyawun niyya. Ƙaryar da ya yi ita ta raba shi da direban da aka sani, ita ta sa ya bar gida ba wanda ya san inda ya nufa. In za ka ɗora kayan noma, naka ko na wani, ka san direba, ka rubuta lamba, ka faɗa wa na gida, ka zauna da kayanka har a sauke.

Allah ya kiyaye mu da kunyar da ke jefa mutum cikin ƙarya, ya ba mu ikon riƙe amana, ya daidaita tsakanin waɗannan 'yan uwa biyu. Amin.