Ranar da Kurege Ya Ƙi Sallamawa

Ga ta nan, ga ta nanku, sabuwa fil, yau na samo ta!

Ta zo mu ji ta, Kande, amma ki numfasa tukuna.

To, Kura ce ta gaji buhun gyaɗa, ita kuwa ina ruwanta da gyaɗa? Sai ta kai wa Kurege dillali, ta ce, "Kai ɗan nan, da an taya akuya ka sallama. Nama nake so. In ka yi wasa, kai ne naman."

Kurege ya ce, "An gama, Inna."

Ya tona ramuka a bayan gari ya binne gyaɗar, irin ajiyarsu ta gado. Shi fa akwai wata jar dara a rumfar Biri, kullum sai ya je ya gwada, ya dubi kansa a ruwan randa, ya cire, ya ajiye a hankali. La'adar akuya za ta saya masa ita. Amma fa hular kawai.

Ran kasuwa Bushiya mai ƙuli-ƙuli ta taya kaza. Ya ce, "Albarka!"

Gyaɗa ta yi wuya, Bushiya ta dawo ta taya akuya. Bakinsa har ya buɗe, sai zuciya ta ce masa, hula ba riga? Ya ce, "Albarka!"

Ta sake dawowa, wallahi da maraƙi a igiya! Ta ce, "Malam Kurege, ka dubi gabas, hadari fa ake haɗawa."

Ya dubi maraƙi, ya hango kansa da dara da riga, a kan jaki, ana kauce masa a hanya. Ya ce, "Hajiya, wadda ta kawo maraƙi yau, ai saniya za ta kawo jibi. Albarka!"

Kafin jibi ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Kurege ya riƙa rugawa bayan gari kullum yana leƙe, har ran nan ya tarar fili ya yi kore shar. Gyaɗa duk ta tsiro! Yana cikin salati, sai ga inuwar Kura a kansa.

"Ina akuyata?"

Kurege ya juyo. Ya ce, "Haba Inna, akuya ɗaya tal? Kin ga ganyen nan? Duk dabbar garin nan da ƙafarta za ta zo ci. Ke dai ki kwanta a kunya ki zaɓa."

Kura ta kwanta tana dalalar da miyau, Kurege ya sulale. Akuya ta zo tana ci. Kura ta yunƙura, sai ta ce a ranta, in akuya ta zo, ai rago na tafe. Rago ya zo, ta ce sa na tafe. Tana nan kwance har suka cinye gonar tas suka koma gida. Kunya ta hana ta neman Kurege.

Kurege ya tsira da wutsiyarsa. Amma ku lura da shi a bakin hanya: sai ya miƙe tsaye cak, ya haɗa hannuwa a ƙirji, yana kallon hanyar kasuwa. Bushiya yake jira. Yana ta maimaitawa a hankali, "Na sallama, Hajiya. Ko kazar ce, na sallama."

Kurunkus kan kurege! Darasi kuwa: in za ku yi kwaɗayi, ku tabbata mai kayan ta fi ku.