Sarki da Laifin Satar Hankali

An ce wani sarki ya yi zamani a wani birni na bakin kogi, mai son baƙi ne, amma ya fi son sababbin maganganun da suke zuwa da su. Wata rana wani matafiyi ya sauka a fadarsa, ya ba shi labarin wani laifi da ake hukunci a kansa a ƙasarsu, wai shi satar hankali. Ya ce shi ne mutum ya san gaskiya sarai, amma ya yi ta musa wa wani abin da ya gani, yau da gobe, har wancan ya daina yarda da idonsa, ya koma sai abin da aka faɗa masa. Kalmar ta yi wa sarki daɗi a baki. Kafin baƙo ya gama ɗaure kayansa, an yi shela cewa duk wanda aka kama da satar hankali za a kore shi daga gari.

Ba a yi wata uku ba kalmar ta cika fada. Sarkin Noma ya ce damina za ta yi jinkiri, Waziri ya ce satar hankali ce. Alƙali ya ce shi ba haka ya tuna hukuncin bara ba, aka ce ai ga ta nan kuma. Da mutum ya buɗe baki ya ce, "A ganina," sai fadawa su fara kallon juna. Sarki kuwa ya sami hutun da bai taɓa samu ba, har ya ɗauka kan jama'arsa ne ya haɗu.

To, sarkin nan yana da lambu a fadama, ya yi iyaka da lambun albasar wani tsoho mai suna Korau, dutse guda ne tsakaninsu. Sau uku sarki yana sa a matsar da dutsen nan taku biyar cikin na tsohon. Sau uku Korau yana zuwa fada da kuka, kuma kowane zuwa sarki yakan yi murmushi ya ce, "Baba Korau, tsufa ne. Dutsen nan tun zamanin kakana a nan yake." Fadawa su ce, "Haka yake, mu ma mun sani." Sarki bai taɓa ɗaukar wannan laifi ba, a wurinsa dabara ce ta mulki, tunda ba a doki kowa ba.

Ana haka sai sarki ya yi niyyar karkatar da ruwan fadama zuwa lambunsa. Wani tsoho mai ɗinkin hula, Malam Bagudu, wanda mutane ke zuwa zaurensa neman shawara, ya ce idan aka yi haka lambunan gari za su bushe. Aka kawo shi fada, ya maimaita. Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ka ce ruwa zai isa, ya ce ba zai isa ba. Wannan ai satar hankali ce tsirara." Sarki ya yanke cewa ya bar gari kafin la'asar.

Malam Bagudu ya ce, "Na ji, ya sarki. Kayana allura ce da zare, ba su da wuyar ɗauri. Amma ka taimake ni in san laifina, kada in je wani gari in sake shi. Mutum uku zan tambaye ka."

Sarki yana son a ga kaifin basirarsa, sai ya ce, "Tambaya."

"Na farko ya ce maka hadarin nan zai zubar da ruwa, kai ka ce ba zai zubar ba. Me sunansa?"

"Mai gardama. Kafin yamma za a san mai gaskiya."

"Na biyu ya ce ya ga jinjirin wata, alhali bai gani ba."

"Maƙaryaci."

"Na uku ya san kai ka ga watan. Ya ce ba ka gani ba, ya tara mutane su ce ba ka gani ba, ya ce idonka ne ya lalace, har ka koma in ka ga wata sai ka tambaye shi ko wata ne."

Sarki ya ce, "Wannan shi ne ɓarawon hankali, babu shakka."

"To a cikin ukun nan, ya sarki, wane ne ni?"

Waziri ya buɗe baki, sarki ya ɗaga masa hannu.

Malam Bagudu ya ce, "Ni na bar ka da hankalinka, ruwa kawai muka saɓa a kai, kuma rani zai raba mu. Amma in kana son ganin wanda aka sace wa nasa, yana nan kusa, ba ma sai an sa wa doki sirdi ba."

Suka gangara fadama da hantsi. Suka tarar da Korau tsaye da ƙwarya a hannu, yana duban kwamin albasa da ke jiƙe sharkaf, yana tambayar matarsa, "Ta-Sallah, na ba wannan ruwa, ko ban ba shi ba?" Matar ta durƙusa ta gai da sarki, ta ce, "Ranka ya daɗe, haka yake tun bara. Ko salla ya idar sai ya tambaye ni raka'a nawa ya yi."

Malam Bagudu ya ce, "Ya sarki, a fada aka haife ka, shi ya sa ba ka san al'adar mutanen fadama ba. Ba su kafa dutsen iyaka sai sun binne tukunyar gawayi a ƙarƙashinsa, don gawayi ba ya ruɓewa. A ɗaga dutsen nan mu gani."

Idon jama'a na kan sarki, dole ya ce a ɗaga. Aka haƙa har gwiwa, babu komai sai yashi. Malam ya juya ga Korau ya ce, "Ina ka tuna dutsen yake a da?"

Korau ya sunkuyar da kai. "Malam, kada ka biye mini. Ni yanzu ban san komai ba."

"Nuna dai, ko da kuskure ne."

Tsohon ya taka a hankali cikin lambun sarki, taku goma sha biyar, ya tsaya gindin wata giginya. Aka haƙa. Fartanya ta bugi tukunya, baƙin gawayi ya watsu a ƙasa.

Sarki ya naɗe hannun rigarsa, ya tura dutsen da kansa yana haki, har ya kai shi bakin ramin gawayin. Sa'an nan ya ce, "Baba Korau, idonka bai yi maka ƙarya ba. Ni na sa aka matsar, sau uku, kuma ina sane."

Korau ya dubi sarki, ya dubi gawayin, ya juya ga matarsa ya ce, "Ta-Sallah, haka ya faɗa, ko ni ne na ji haka?"

Nan sarki ya gane cewa ƙasa ta koma ga mai ita a hantsi guda, amma abin da ya ɗauke daga kan tsohon ba a mirgina shi kamar dutse. Ya janye korar Malam Bagudu, ya ce maganar ruwa a tara masu lambu su yi ta gardama da shi son ransu. Ya kuma hana a jefi kowa da kalmar nan sai an kawo wanda aka sace wa hankalin, an gan shi.

An ce bayan haka, duk ran da Waziri ya so kiran mai saɓani da babban suna, sarki yakan ce masa, "Bari, Waziri. Wanda ya kira kowace gardama zalunci, ranar da zalunci ya zauna a gadonsa ba zai gane shi ba."